Waƙen Tamil ya wuce cikon benci a zaman kiɗan Karnatik

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a shafin wasiƙu domin mu warware wani abu da ke ɗaure wa sabon mai sauraron kiɗan Kudancin Indiya kai. A birnin Cennai, inda Tamil ne harshen gida da kasuwa, an daɗe ana ganin mawaƙi ya kwashe awa biyu yana rera waƙa da harsunan Telugu da Sanskirit, sai lokacin da jama'a suka fara shirin tashi ya kawo ta Tamil. Amsar da aka fi bayarwa ita ce raini. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma rabin dalilin yana cikin sana'ar kanta.

Ƙashin bayan kiɗan Karnatik, wato kiɗan gargajiya na Kudancin Indiya, shi ne irin waƙar da ake kira kiriti, mai sassa uku: pallawi, wato amshin da ake komawa gare shi, sai anupallawi, sai caranam. Mutum uku suka kafa ta da ƙafafunta: Syama Sastri da ya rasu a 1827, Muthuswami Dikshitar a 1835, da Tyagaraja a 1847. Dukansu a garin Tiruwarur aka haife su, a tsakiyar ƙasar Tamil, amma Telugu ne ya yi kaka-gida a fadar Tanjabur tun zamanin sarakunan Nayak, Sanskirit kuma harshen malanta ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne almajiransu sun karɓi kalmomi tare da karin murya da kiɗa, duk a haɗe. Tsofaffin baitocin Tamil kuwa, yawancinsu a rubuce kawai suka iso hannun mawaƙin dandali. Wanda aka ba dafaffe da wanda aka ba ɗanye ba za su zauna cin abinci lokaci ɗaya ba.

Tsarin zaman da ake bi yau ana danganta shi ga mawaƙi Ariyakudi Ramanuja Iyengar, wanda ya rayu daga 1890 zuwa 1967. Ana buɗewa da warnam don ɗumama murya, sai kiriti da dama, sai babbar waƙa wadda ake shimfiɗa ragarta a tsanake (raga ita ce tsarin sautukan da karin waƙa ke bi), sai makaɗa su yi nasu su kaɗai, sannan a shiga sashen ƙananan waƙoƙi da ake kira tukkada. A nan aka saba jibge na Tamil. Wannan ne ya fusata masu kishin harshen. A 1941 aka yi taro a Jami'ar Annamalai da ke Cidambaram a kan lamarin, a 1943 kuma Raja Annamalai Chettiar ya kafa ƙungiyar Tamil Isai Sangam a Madras, wato Cennai ta yau. Cibiyar Music Academy, wadda aka kafa a 1928, ta tsaya a kan cewa ingancin kiɗa ake dubawa ba harshe ba. Rigimar ta yi amfani ta wata fuska, domin ta sa aka tono waƙoƙi, aka yi musu kari, aka buga su a littattafai.

Inda marubuci ya tsara waƙarsa a siffar kiriti tun farko, ba wata matsala. Abubuwan da Gopalakrishna Bharati ya bari a ƙarni na 19, ko na Papanasam Sivan da ya rasu a 1973, suna zama a tsakiyar zama daram kamar na Telugu. Aikin yana wajen tsoffin baitoci.

Mu ɗauki Tiruppavai, tsohuwar waƙar bauta ta wata mawaƙiya mai suna Andal, baiti 30, kowanne ɗango takwas, babu pallawi a cikinsu. Mai yi masa kari dole ya yanko farkon baitin ya mai da shi amshi. Tamil kuwa harshe ne da aikatau ke zuwa a ƙarshen jimla, kuma jimla ɗaya kan ratsa ɗango uku ko huɗu kafin ta sauka. Idan aka yanke a inda kiɗa ya ga dama, mawaƙi zai yi ta maimaita rabin magana sau shida ko bakwai, mai jin harshen yana jiran ƙarashen da bai zo ba. Matsalar ta fi tsanani a nerawal, inda ake ɗaukar ɗango guda a riƙa juya shi a sabbin hanyoyin murya na tsawon mintoci. Ƙa'idar ita ce ɗangon da aka zaɓa ya cika ma'ana shi kaɗai, kada ya ƙare a kan kalmar da ke siffanta abin da ke ɗango na gaba, kuma kada ya zama maganar da in an raba ta da sauran za ta koma zagi ko mugun fata. Sau da yawa sai an haɗa ɗango biyu kafin a samu haka.

Tevaram kuma, wato tsoffin waƙoƙin bautar Shiva na mawaƙa uku, nasa hukuncin daban ne. Waƙoƙin Sambandar da Appar da Sundarar, waɗanda suka cika littattafai bakwai na farko cikin goma sha biyu na kundin addini da ake kira Tirumurai, sun zo da sunan karinsu, abin da ake kira pan, kuma masu rera su a wuraren bauta, wato oduwar, sun riƙe shi baki da baki. An daidaita pan da raga: Nattapadai yana fuskantar Gambhira Nattai, Kausikam yana fuskantar Bhairavi, Takkesi kuma Kambhoji. Mawaƙin dandali da ya ɗauki baitin Tevaram ya sa masa ragar da ta yi masa daɗi, ya watsar da abin da aka gada ba tare da bukata ba. A ganinmu wannan ganganci ne, ko da sabon karin ya yi zaƙi.

Sai wiruttam, wanda a nan ake gane wanda ya san harshen da wanda ya haddace sauti kawai. Wiruttam shi ne rera baiti ba tare da tala ba, wato babu zagayen bugu. Mai ganga miridangam ya ajiye hannu, mai tukunyar ghatam ma haka, saura mawaƙi da mai goge. Aikin yana farawa tun daga takarda. Ana buga baitocin Tamil iri biyu: wani bugun yana raba rubutu bisa ƙafafun karin waƙa, wani yana raba shi kalma-kalma. A na farko, ƙarshen wata kalma kan manne da farkon ta gaba, domin sautuka suna narkewa a juna inda kalmomi suka haɗu. Wanda ya koya daga irin wannan bugu kaɗai zai ja numfashi a tsakiyar kalma bai sani ba. Don haka mataki na farko shi ne a warware baitin kalma-kalma, a sa alamar numfashi a inda ma'ana ta yarda.

Bayan haka, a fara faɗin ɗangon gaba ɗaya sau ɗaya, cikin raga amma ba ado, domin kunne ya kama maganar. Sannan a dawo a ɗauki gaɓoɓinsa a yi musu kwalliya. Ba kowace gaɓa ake ja ba. Dogon wasali ake ja, ko a tsaya a kan baƙi mai amo kamar m da n da l. In aka ja gajeren wasali kalma ta sauya: kal dutse ne, kaal kuwa ƙafa. Haka kuma Tamil na da sauti uku da baƙon kunne ke ji kamar l guda. Kalmar da za a rubuta waal tana iya zama wutsiya, ko takobi, ko "ka rayu", gwargwadon inda harshe ya taɓa a baki. Na ukun shi ake rubutawa zh da haruffan boko, kuma a sama-saman murya, inda baki ke buɗe sosai, shi ne ya fi saurin zamewa.

Yawanci ana ratsa raga uku ko huɗu a baiti guda. Kuskuren da aka fi yi shi ne raba su kamar rabon gado, ɗango ɗaya raga ɗaya, ko da jimla ba ta ƙare ba. Wurin sauya raga shi ne inda magana ta juya, misali daga siffanta abin bauta zuwa kokawar mai roƙo. Mai goge yana maimaita kowace raga a taƙaice kafin a wuce. Idan ya zarce, zaren baitin ya tsinke, mai sauraro ya manta abin da ɗango na farko ya ce. Raga ta ƙarshe ita ce ta waƙar da za ta biyo baya, kuma dole baitin da waƙar su kasance a kan abu guda. Ba a yin wiruttam a kan abin bauta Murugan a faɗa waƙar wani abin bauta kamar Rama. Idan an yi daidai, kalmar ƙarshe ta baitin tana zubowa cikin amshin waƙar, gangar ta shigo a kan bugun farko. Minti biyar zuwa goma sun wadatar. Abin da ya wuce haka yakan koma baje kolin raga da aka rataya wa kalmomi.

Akwai wani abu da ido ke gani a takarda amma kunne ke rasawa idan mai kari bai kula ba. Amsa-amon Tamil a farkon ɗango yake, a gaɓa ta biyu, ana kiransa edugai. Idan ɗango na farko ya fara a kan bugu na ɗaya, na biyu kuma aka fara shi bayan bugu ɗaya da rabi, gaɓoɓin da ya kamata su amsa juna sun faɗi a wurare daban, amsa-amon ya ɓace duk da ba a canza ko harafi ɗaya ba.

Tiruppugazh, tarin waƙoƙin bauta na Arunagirinathar daga ƙarni na 15, shi ne akasin wiruttam, domin kiɗansa yana cikin kalmominsa. Fiye da waƙa 1,300 suka tsira, kuma a saman kowacce ana rubuta ma'auninta da gaɓoɓi marasa ma'ana irin tana da tatta da tandana. Kowace gaɓa ta waƙar tana zaune a kan takwararta a ma'aunin. A ƙarshen kowane sashe akwai 'yar jela da ake kira tongal, wadda ma'auninta ya bambanta da na sauran. Da yawa daga cikinsu ba sa shiga tala 35 da ake koya wa ɗalibai, sai dai a ƙirga gaɓoɓin a fitar da zagayen daga jikin waƙar. Mai gaggawa kan tura ta cikin adi tala mai bugu takwas, ya ja nan ya matse can, sai tsallen da ya sa ake sonta ya mutu. Wajibi ne kuma a gaya wa mai miridangam lissafin kafin a hau dandali, in ba haka ba zai kwashe zagaye biyu ko uku yana lalube a gaban jama'a.

Tirukkural, tsohon littafin hikimomin Tamil mai baiti 1,330, gajarta ce matsalarsa. Ɗango biyu ne kawai, ƙafa huɗu da ƙafa uku, kafin raga ta zauna ya ƙare. Masu yi masa kari kan ɗauko baitoci da dama daga babi guda, tun da kowane babi goma ne a kan jigo ɗaya, su mai da ɗaya amshi.

Yau lamarin ya sauya sosai. Mawaƙi Sanjay Subrahmanyan yakan yi zama sukutum da Tamil zalla, har da babbar waƙar tsakiya. Wanda ke son ya gwada kunnensa ya nemi zaman da ake yi a watan Margazhi, daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu, lokacin da zaurukan Cennai ke cika. A al'ada kowace rana ta watan tana da baitinta na Tiruppavai, kuma mawaƙa da yawa kan rera na ranar. A karin da Ariyakudi ya yi musu, biyar na farko suna cikin Nattai da Gowla da Arabhi da Varali da Sri, a jere, ragogin da Tyagaraja ya yi amfani da su a manyan kiritinsa biyar.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu nazarin kiɗan Kudancin Indiya