Zuwa ga Abokan Cinikinmu: Bayani Kan Sauyin Ɗanɗanon Ganyen Assam

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, mun rubuto ne a kan ƙorafin da yake ta zuwa mana a 'yan makonnin nan, cewa baƙin ganyen shayin Assam da kuka saba ɗauka a wurinmu ya sauya. Wasu sun ce ruwansa ya tsinke, wasu sun ce gardinsa ya ragu, har an sami wanda ya ce mun fara zuba masa garin shayi domin ya yi auki. Wannan magana ta ƙarshe ta yi mana ciwo ƙwarai, domin tun ranar da muka fara wannan sana'a ba mu taɓa cuɗa ganye da gari ba.

Sauyin da harshenku ya ji gaskiya ne, sai dai tun daga gona ya taso. Shayin Assam yana fitowa ne daga kwarin kogin Brahmaputra a arewa maso gabashin Indiya, kuma ba kowace tsinka ce take ba da ɗanɗano iri ɗaya ba. Wanda kuka sani shi ne na tsinka ta biyu, wadda ake yi a watannin Mayu da Yuni, ganye mai ruwa ja mai duhu, mai kauri da cika baki, wanda ko an zuba masa madara ba ya ɓacewa. Ganyen da ake tsinka bayan ruwan sama ya kankama kuwa, daga Yuli zuwa Satumba, yana girma ne da gaggawa, shi ya sa ƙamshinsa da kaurinsa ba sa kai na farko. A shekarar 2024 tsananin zafi da ambaliya sun rage abin da gonakin Assam suka samar, kuma dillalin da yake kawo mana kaya ya shaida mana cewa tun daga lokacin samun na tsinka ta biyu a kasuwannin gwanjo na biranen Guwahati da Kolkata a Indiya ya zame masa wuya, domin masu manyan jari ne suke riga kowa. Abin da ya aiko mana a wannan karon na damina ne, bai kuma faɗa mana ba sai da kaya suka iso sito, alhali mun riga mun biya.

Ga mai zargin gari, muna roƙonsa ya gwada da kansa. Ya jiƙa cokali guda na minti huɗu, ya tace, sannan ya baza ganyen a faranti, zai ga ya warware ya koma kamannin ganye. Shayin da inji ya daddatse ya mulmula ƙananan ƙwayoyi, wanda ake kira CTC tun shekarun 1930, ba ya warwarewa haka, kuma ruwansa yakan yi baƙi nan take da ɗaci mai ƙarfi. Da shi ko garinsa muka zuba, da ruwan ƙara duhu zai yi, ba tsinkewa ba.

Kafin abubuwa su daidaita, akwai waɗanda muke ganin za su iya riƙe ku. Baƙin ganyen Yunnan na ƙasar Sin yana da laushi a baki da ɗan zaƙi irin na zuma, baurinsa kaɗan ne, kuma a ganinmu shi ya fi kusa da abin da kuka rasa. Na yankin Uva a Sri Lanka ya fi kaifi da bauri, ya dace da mai son shayin da zai wartsakar da shi. Darjeeling kam ba ma ba da shawarar a maye gurbi da shi, ko da yake ƙasarsu ɗaya da Assam: ganyen tsaunuka ne, ruwansa haske, ƙamshinsa na furanni da inabi, madara kuma kashe shi take yi. Koren ganyenmu bai sauya ba ko kaɗan.

Muna nan muna magana da dillalin, muna kuma duba wasu hanyoyin, kuma da zarar an sami abin da ya tabbata za ku ji daga gare mu, in Allah ya yarda.

Muna godiya ta musamman ga waɗanda iyayensu ne suka fara saye a hannunmu, yau kuma su ne suke aiko 'ya'yansu, da hajiyoyin da suka kira mu a keɓe suka faɗa mana gaskiya maimakon su juya mana baya. Mun lura akwai fuskokin da muka kwana biyu ba mu gani ba, kuma abin yana damunmu. Muna roƙon ku leƙo, a jiƙa muku na Yunnan da na Uva ku ɗanɗana kafin ku yanke shawara.

Allah ya bar zumunci.

Naku,
Shugaban kamfani, a madadin dukan ma'aikata