Godiya ga Kwalejin Koyon Aikin Jinya ta Jihar Sakkwato

Assalamu alaikum, Shugaba da malamai.

Ni magidanci ne a Kwalkwalawa, bakin gulbin Rima. Na rubuto ne domin ɗalibanku da suka zauna da mu makonni suna koya mana abin yi kafin a kai mara lafiya asibiti.

Mu mun san darajar wannan ilimi. A damanar 2010, da ruwan madatsar Goronyo ya sauko ya yanke hanyar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cikin garin Sakkwato, sai da kwale-kwale ake tsallakawa. Duk wanda ciwo ya kama cikin dare, sai abin da mutanen gidansa suka iya. Mu kuwa ba mu iya komai ba.

Yaran nan ba su zo da girman kai ba. Matan suka shiga gidaje wurin iyalinmu, mazan suka zauna da mu a ƙofar masallaci bayan La'asar. Sun nuna mana haɗin ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa: ledar fiya wata 2, wato lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ba su tashi ba sai da kowa ya haɗa da hannunsa. Sun hana mu fasa ƙwai ko shafa man goge baki a ƙuna, suka ce ruwan sanyi kawai, minti 20. Saran maciji kuma ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurin tamau.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne jikata. Zazzaɓi ya tayar mata da jijjiga da tsakar dare, idanu suka kafe. Da a da ne, cokali za mu cusa mata a baki, mu ɗura mata jiƙo, kamar yadda muka taras ana yi. Sai uwarta ta ce, "Baba, dakata, ba haka suka ce ba." Ta kwantar da ita a kan gefen jikinta, ta sassauta mata riga, ba ta bari an sa mata komai a baki ba, ni kuma na fita neman mai Keke Napep. A asibiti aka ce maleriya ce. Yau yarinyar tana zuwa Islamiyya da ƙafarta. Har yanzu idan na tuna hannuna riƙe da cokalin nan, jikina yakan yi sanyi.

Roƙona ɗaya ne: ku sake turo mana su kafin zafin Maris, lokacin da sanƙarau ke shigowa, domin mata da yawa suna son a maimaita musu alamominsa.

Allah ya saka muku da alheri, ya ba yaran nan sa'ar jarrabawa, ya yi wa iyayensu albarka.

Naku,
Wani kaka daga Kwalkwalawa