Rahoton Kwamitin Ruwa kan kafa burtsatse da gyaran tsohuwar rijiya

Iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa mazauna unguwa, assalamu alaikum. Aikin da kuka ɗora mana bayan ɓarkewar amai da gudawa a daminar bara ya kammala, ruwa yana zuba a famfo, ga kuma bayanin yadda aka yi.

Mun fara da zagaya wuraren ɗibar ruwa tare da ma'aikacin lafiya, kuma tsohuwar rijiya ce ta fi tayar mana da hankali. Bakinta ya zube ta gefe ɗaya, ba murfi, kowa da gugarsa, igiya kwance cikin caɓi, haka za a ɗauke ta a zura ciki. Da muka ja tef, masai mafi kusa bai kai rabin tazarar da ake so ba. Ƙa'idar Sphere, wadda masu aikin agaji ke bi a duniya, ta ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da wurin ɗibar ruwa, ƙasan ramin kuma ya tsaya mita 1.5 sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ƙwayar kwalara daga bayan gida take shiga ruwa ko abinci, kuma yawancin masu ɗauke da ita lafiyarsu ƙalau a ido, alhali suna zubar da ita har kwana 10.

Zaɓen fili ne ya fi cin lokaci. Wanda aka fara ba mu yana tsakiyar gidaje, kowa na sonsa, amma a gangare yake, ga masai biyu a samansa. Muka ce a'a. An ji haushinmu ƙwarai, har aka ce kwamiti na da wata manufa. A zaman da ya raba gardamar, ma'aikacin lafiya ya ba da labarin likita John Snow, wanda a 1854 ya bi sawun mace-macen kwalara a Landan har zuwa famfo guda a titin Broad. Daga baya aka gano cewa tsakanin rijiyar famfon da wani tsohon ramin masai bai kai mita 1 ba. Daga nan aka amince da filin kan tudu. Ya ɗan yi wa wasu nisa, mun sani, amma babu gidan da ya wuce mita 500 da ƙa'ida ta yarda.

An haƙa, an sa bututu da tsakuwa, an liƙe saman ramin da siminti don kada ruwan sama ya bi gefen bututu ya gangara. An ɗora tanki a kan ƙarfe, famfon sola na tura masa ruwa, an jera kawunan famfo, an zagaye da waya.

Daɓen ne ya zo da matsala. Maginin ya yi shi a miƙe ba gangare, ranar gwaji ruwa ya kwanta a gindin famfo, yara suka shiga suna facal-facal. Ya so a tafi da shi haka, wai rana za ta busar. Ba mu biya sauran kuɗinsa ba sai da ya fasa ya sake, ya ja magudana zuwa ramin da aka cika da duwatsu. Laifinmu a nan shi ne ba mu tsaya a kansa ranar zuba siminti ba.

Kafin a buɗe wa jama'a, an wanke rami da tanki da kulorin mai ƙarfi, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, an zubar, an kai ruwan ɗakin gwaji, sakamako ya dawo babu ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bayan gida ya shiga ruwa. Duk da haka ana ci gaba da sa kulorin a tanki. Ga masu kuka da ƙanshinsa: a lokacin annoba ana so a samu aƙalla miligiram 0.5 na kulorin a kowace lita a bakin famfo, bayan maganin ya yi minti 30 cikin ruwa. Wannan ragowar ita ke raka ruwan har gida, kuma dole ta raka shi, domin ranar buɗewa mun leƙa jarkokin da ke layi, wasu gansakuka ta yi kore a cikinsu, wasu an toshe bakinsu da tsumma. Yanzu mai kula da famfo ba ya barin a tara sai an ɗauraye jarka, kuma sai mai murfi.

Tsohuwar rijiya an ɗaga bakinta, an yi mata murfi da daɓe, amma masai bai matsa ba, don haka ta wanki da gini ce kawai. Mun rubuta hakan a jikinta.

Lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe yana manne a allon sanarwa, rasidai na hannun ma'aji ga mai son dubawa. Abin da ya rage shi ne wurin wanke hannu da sabulu kusa da makewayin jama'a, za mu kawo shi zama na gaba. Kafin nan, duk wanda gudawa mai kama da ruwan shinkafa ta kama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana tafiya da shi asibiti, sannan a sanar da sakataren kwamiti don a auna ruwan gidan a ranar.

Kwamitin Ruwa da Tsabta