Man giya ba iri ɗaya ba ne: kira ga makanikai da masu tsofaffin motoci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana makanikai da masu riƙe da tsofaffin motoci a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake ɗura wa kowace giyabos mai iri ɗaya. Na tsufa a sana'ar kanikanci a nan Zariya, kuma da yawa daga cikin giyabos ɗin da na kwance ba tsufa ne ya kashe su ba, man da bai dace da su ba ne.

Yau in ka aiki yaro Sabon Gari ya sayo man giya, da wuya mai shago ya tambaye shi ta wace mota ce. Zai miƙo masa galan mai lamba 90 ko 140, shi ke nan. A jikin galan ɗin kuwa akwai ɗan rubutu da ba a kula da shi, GL-4 ko GL-5, wato ajin man, kuma a nan maganar take. Shi GL-5 don aksul na baya aka yi shi, inda haƙora ke murzar juna da ƙarfin gaske, shi ya sa aka cika masa sinadarin farar wuta, kusan ninki biyu na wanda ke cikin GL-4. Shi ne warin nan mai hawa kai da kake ji in an buɗe murfi. A aksul alheri ne. Amma a cikin giyabos akwai zobban tagulla waɗanda ke kama haƙori su daidaita gudunsa kafin giya ta shiga, kuma ba sa aiki sai da ɗan kaushi. GL-5 yana sa su santsi, in ya ɗau zafi kuma yana cin tagullar a hankali. Sai direba ya fara jin gurza in zai sa giya ta biyu, ya ce kuloci ne, a sauke kuloci a canza, gurzar tana nan. Duk mai shakka ya tsiyaye man a farin kwano ya fita da shi rana. In ya ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinare, to zobbansa ne ke cinyewa. Na san masu yin mai suna cewa GL-5 na yanzu an gyara shi ba ya taɓa tagulla sosai, na kuma yarda an samu ci gaba, amma maganar santsi tana nan daram.

Ɗauki Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kakuri ta Kaduna a 1975, har gobe kuma tana ɗaukar fasinja da buhuna a hanyoyin ƙauyukanmu. Giyarta mai huɗu baƙin man inji take sha, irin su 10W-40, lita ɗaya da 'yan kai. In na faɗa wa yaran gareji haka sai su ce, "Baba, ai wannan ruwa ne." Ba su san ma'aunin man giya daban yake da na man inji ba. Man giya mai lamba 90 kaurinsa bai wuce na man inji mai lamba 40 ko 50 ba. Mercedes 200 ta shekarun 1980, duk da giyar hannu gare ta, jan man nan na giyar atomatik take so. Volkswagen Beetle ita kuma giyabos da aksul ɗinta a gida ɗaya suke, mai ɗaya suke sha, saboda haka 90 na GL-4 ne nata. Mai Peugeot 404 salun ya ƙara kiyayewa, don a cikin aksul ɗin yawancinsu babban haƙorin kansa na tagulla ne.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu zuba 140 don su kashe ƙara kafin su sayar da mota. Ƙarar za ta lafa, ciwon yana ciki. Wanda ya saya sai hunturu ya kama, da asubar Janairu ya tayar da mota ya ga sandar giya ta ƙi motsi, ya dinga danna ta da ƙarfi har ya ƙarasa zobban. Wannan ha'inci ne, kuma Allah zai tambaya.

Sai motocin da ke da ƙarin giyar gudu a bayan giyabos, wadda ake kira obadiraib. Sun yi ƙaranci yanzu, amma akwai sauran Volvo 240 irin waɗanda malaman jami'a suka yi yayi a Samaru, masu ɗan maɓalli a kan sandar giya. Na'urar kamfanin Laycock ce, ƙirar Sheffield ta Ingila, kuma tana rage juyawar inji da kusan kashi ɗaya cikin biyar, abin da ke sa mota ta yi shiru ta kuma rage shan fetur a hanyar Kaduna. A cikinta akwai ɗan famfo da ke zuƙo man giyabos ya matsa shi, matsin nan ne ke tura wani ƙaramin kuloci ya kama. Ka ga ke nan man ba shafa haƙora kaɗai yake yi ba, shi ne ƙarfin na'urar. In ya yi kauri, ka danna maɓalli ka yi ta jira. In aka zuba masa maganin ƙarin santsi irin na gwangwani, kulocin ya riƙa zamewa har ya ƙone. Volvo 240 jan man atomatik nau'in F littafinta ya ce, yayarta Volvo 144 kuwa man inji. Akwai 'yar filta a ƙarƙashi da ya kamata a wanke duk sanda aka canza mai. Kada kuma a yarda wani ya haɗa wayarta kai tsaye ya tsallake makunnin da ke hana ta aiki a ribas, don ribas ɗaya ya isa ya farfasa cikinta.

Obadiraib ɗin kamfanin Fairey da ake ɗaura wa tsohuwar Land Rover daban ce. Ba famfo, sanda ake ja, kuma gidan manta daban, bai kai rabin lita ba. Ita matsalarta mantuwa ce, a duba ko'ina a bar ta ta bushe.

Ga ƙannena masu koyon aiki: ku fara kwance notin zubawa na gefe kafin na tsiyayewa na ƙasa, kada ku zubar da mai sannan na gefen ya ƙi kwancewa. Mota ta tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, ku zuba har ya fara dawowa ta ramin. Man awo na kwalba marar suna kuma ku bar shi inda kuka gan shi.

Ina roƙon masu shagunan mai a Sabon Gari da Kwangila su riƙa ajiye GL-4, su kuma tambayi mai saye wace mota ce. Shugabannin ƙungiyarmu ta makanikai, wato NATA, su sa wannan batu a taronsu. Wanda kuma yake da littafin tsohuwar motarsa a ajiye, ya taimaka a ɗauki hoton shafin da ya yi bayanin mai a liƙa a garejin unguwarsu.

Naka,
Wani tsohon bakanike,
Tudun Wada, Zariya.