Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna Dikko Radda a kan tanis da yaran Katsina

Assalamu alaikum Mai Girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Raɗɗa. Allah ya taimake ka, Allah ya yi riƙo da hannunka.

Ranka ya daɗe na san abin da ke kan teburinka, tsaro na nan, taki na nan, ga albashi ga makarantu, dan haka in wani ya ce wannan malamin ya rasa abin yi ne zai rubuto ma gwamna takarda a kan ƙwallon tanis ba zan ji haushinsa ba. Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare nan cikin gari, kuma tun ina yaro na koyi tanis ta hanyar tsintar ma manya ƙwallo ana ba mu na goro, to abin ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya shi ya sa na ce bari dai in faɗa.

Abin da ya tado ni Kofin Davis ne. Ita ce gasar tanis ta maza da ake bugawa ƙasa da ƙasa, an faro ta tun 1900 tsakanin Amurka da Birtaniya, yanzu kau ƙasashe sun haura 150 da ke shiga. Mutane ba sa ganin kowa a talabijin sai Italiya da gwarzonta Sinner suna ɗaga kofi, ba su san akwai wani tsani mai tsawo a ƙasa ba, kuma nan ne mu muke. Ƙasashen Afirka an kasa su rukuni-rukuni, na uku da na huɗu da na biyar, sai a tara 'yan rukuni ɗaya a gari guda su yi 'yan kwanaki suna karawa da juna, kowace karawa wasa uku ce, ɗaya da ɗaya sau biyu sannan biyu da biyu, wanda ya ci biyu ya ci ranar. Na sama su haye su je neman gurbi a rukunin duniya na biyu, na ƙasa a sauko da su, kamar dai yadda Katsina United ke hawa da sauka a firimiya, to haka abin yake.

A watan Yulin 2024 Abuja ta karɓi baƙuncin rukuni na uku, a filin tanis na babban filin wasa na Moshood Abiola, kuma Najeriya ta haye a gidanta, daga baya ta je Afirka ta Kudu a farkon 2025 aka doke ta can. Ba abin kunya ba ne wannan, Afirka ta Kudu ce kaɗai a nahiyar nan da sunanta ke jikin kofin, duk da dai a 1974 ɗin da ta ɗauke shi ma ba a buga wasan ƙarshen ba, Indiya ce ta ƙi zuwa saboda mulkin wariyar launin fata. Ni a waya na riƙa bin sakamakon Abuja ina nuna ma ɗalibaina, sai wani yaro ɗan aji biyu ya ce Malam to wane ne ɗan Katsina a cikinsu, wallahi shiru na yi sai na ce mashi ya je ya kwaso ƙwallaye lokaci ya ƙure.

Tawagar Najeriyar nan fa mutum huɗu ne ko biyar, kuma ba da takardar ɗan majalisa ake shiga ba, daga masu buga gasannin cikin gida ake zaɓa, wanda aka gan shi ya buga ya ci ya tara maki. Ga gasar tanis ta Dala Hard Court nan a Kano kusa da mu, mota ɗaya ce daga tasha, shekara da shekaru ana yinta 'yan wasa na zuwa daga Legas da Binin da ko'ina. Yaron da bai taɓa riƙe raket, wato abin bugun ƙwallon, ba sai ya kai shekara sha takwas me za ya je yi Dala, balle a yi maganar riga mai tuta.

Kuma dan Allah kar wani ya zo ya ce maka ai wannan wasan 'yan Kudu ne ko na 'ya'yan masu kuɗi. Sadiq Abdullahi ɗan Arewa ne, ya buga ma Najeriya Kofin Davis, ya je Olamfik a Seoul a 1988. Nduka Odizor da ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila, a 1983 tsintar ƙwallo ya fara yi a Legas kamar yadda na yi, bambancin kawai shi ya samu wanda ya kama hannunshi. Mu Katsinawa ma ai mun fi kowa hujja, garin da Sarki Dikko ya kawo holo, wato ƙwallon doki, Sarki Usman Nagogo ya yi suna da ita har ƙasashen waje, garin da tun zamanin Kwalejin Katsina ake buga wasan nan na Fives, na buga ƙwallo da hannu a bango, da Sardauna ya so kamar me. Ranka ya daɗe ka taɓa tsayawa ka kalli yaran da ke buga Fives da yamma? Ƙwallo ƙarama mai tauri tana dawowa daga bango kamar harsashi, yaro ya tare ta da dama ya tare ta da hagu, ido na kanta ƙafa ba ta tsayawa, to ai rabin tanis kenan, saura a miƙa mashi raket a nuna mashi yadda ake ƙidayar maki. Na gwada da yara uku masu Fives, cikin sati biyu suna mayar da ƙwallo fiye da waɗanda na yi zango guda ina fama da su.

Inda muke yi kuma abin tausayi ne. Wani tsohon fili ne a wata makaranta da ba zan kira sunanta ba, simintin ya dare ciyawa ta fito ta tsakiya, raga babu sai igiyar shanya muke ɗaurewa mu rataya buhu, awaki su kwana a kai da safe mu share, raket huɗu gare mu yara sun fi talatin, in tsirkiya ta tsinke sai mai zuwa Kano ko Kaduna ya tafi da ita a ɗaure. Lokacin hunturu iska ta kwashe ƙwallo, lokacin bazara sai bayan la'asar sakaliya ake iya taka wurin.

Ba ina roƙon a gina wani katafaren wuri a yanka ƙyalle ba ne. Filin tanis ƙafa 78 ne a tsaye 36 a kwance, in ka haɗa da wurin gudu fuloti biyu sun ishe shi har da saura. A fara da gyara waɗanda suka mutu a tsofaffin makarantu, a samu ko biyu-biyu ne masu kyau a Katsina da Daura da Funtuwa, kowanne da bangon atisaye a gefe tunda bango ba ya gajiya kuma ba ya karɓar albashi. Akwai ƙwallaye na yara masu laushi, ja da ruwan lemu da kore, waɗanda ba su da gudu sosai, da su ɗan shekara shida ke farawa a ƙaramin fili, ko harabar firamare aka ja layi da fenti ta yi. Abin da ya fi duka shi ne koci, a tura malaman motsa jiki irinmu kwas na hukumar tanis ta ƙasa mu dawo da takarda da ilimi, dan ni kaina abin da na sani na gani-in-yi ne. Sai gasa ta 'yan makaranta sau ɗaya a shekara da sunan kofin gwamna, wanda ya ci a saka shi mota a kai shi Dala da kuɗin abinci da masauki, ba a ba shi bokiti da sabulu a sallame shi ba.

In ka samu sarari wata Asabar da yamma, ko ka turo kwamishinan wasanni, ku zo ba sanarwa ku ga yaran nan a kan igiyar shanyar tasu, yaron nan da ya yi mani tambaya shi ne mai buga hagu, za ku gane shi ba takalmi yake sawa ba.

Allah ya ƙara ma lafiya, ya ba mu zaman lafiya a jiharmu.

Naka,
Wani malamin motsa jiki daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.