Guraben binciken lafiyar al'umma: takardar digiri kaɗai ba ta isa ba

Assalamu alaikum Edita. Muna roƙon fili domin mu yi magana da matasanmu da suka karanta lafiyar al'umma, ƙididdiga ko kwamfuta. Ana tallata guraben aikin bincike a cibiyoyin binciken lafiya irin su ACEPHAP ta Jami'ar Bayero, da IHVN mai binciken ƙwayoyin cuta, da NIMR a Yaba, Legas, da eHealth Africa a Kano, har da APHRC a Nairobi. Abin da ke damun mu shi ne yaranmu kan tura takardu, a tace, ba a ko kira su ganawa ba.

Mai tacewa so yake ya ga aikin hannunka, kuma hanyar samun wannan ba ta cin kuɗi. A sauke manhajar ƙididdiga ta R, kyauta ce, saɓanin Stata da sai an sayi lasisi. A nemi izinin amfani da bayanan binciken NDHS na 2018, wato binciken ƙasa kan al'umma da lafiya a Najeriya, wanda ya tattauna da mata sama da 41,000 masu shekara 15 zuwa 49. A ɗauki tambaya guda, misali yawan matan da suka haihu a asibiti a Jigawa idan aka kwatanta da Kaduna, a rubuta rahoto mai shafi biyu da jadawali ɗaya, a ajiye umarnin da aka rubuta wa manhajar a GitHub, shafin intanet da ake ajiye irin wannan aiki domin wasu su gani.

A nan ne gizo ke saƙa. Ba a zaɓi matan nan ɗaiɗaiku ba, rukuni-rukuni aka ɗauko su, kuma ba daidai da yawan mutanen kowace jiha ba. Saboda haka kowace mace tana da nauyinta na lissafi, wato lambar da ke daidaita wannan bambanci, a layin bayanan mai suna v005, wanda ake rabawa da 1,000,000 kafin lissafi, sannan a shaida wa manhajar rukunin da ke v021. Wanda ya tsallake wannan zai fitar da kaso mara inganci, ya kuma nuna tabbacin da bayanan ba su ba shi ba. Gogaggen mai bincike da kallo ɗaya yake gano kuskuren.

Sai a koyi manhajar DHIS2, domin da ita ake tara rahoton wata-wata na asibitocin Najeriya, da kuma haɗa takardar tambayoyi a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox ko ODK. Shaidar horon ɗa'ar bincike ma ana tambayar ta. Shirin horo na TRREE na ba da ita kyauta ta intanet. Kada kuma a ɗora bayanan marasa lafiya da sunayensu a fili, dokar kare bayanai ta 2023 ta tsaurara a kan haka.

Likitoci da masana ɗakin gwaji su sa ido a kan NFELTP, shirin horo na shekara biyu kan bin diddigin yaɗuwar cututtuka da aka fara a 2008 tare da jami'o'in Ahmadu Bello da Ibadan.

Yawancin guraben nan kwantiragi ne da ke rataye a wuyan tallafin waje, don haka a tambayi ranar ƙarewar tallafin kafin a ajiye aikin da ke hannu. Duk wanda ya nemi kuɗin fom ko na ganawa ta WhatsApp, a guje shi, a duba tallan a shafin cibiyar kanta.

Muna kira ga shugabannin sassa a jami'o'inmu da su sa kowane ɗalibin ajin ƙarshe ya yi irin wannan aiki da bayanan gaske kafin a sa masa hannu.

Naku,
Wasu masu binciken lafiyar al'umma, Zariya