Daga Maradi zuwa Yamai da kare a mota

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan yadda mutanenmu ke ɗaukar dabba a mota in za su yi tafiya mai nisa, musamman kare, don abin yana damuna ba kaɗan ba.

Kwanan baya yayana da aka maida shi aiki Yamai ya roƙe ni in kai masa karensa na gadi, irin siririn nan na Azawak mai dogayen ƙafafu. Mun bar Maradi bayan sallar asuba, hanyar kilomita sama da 600 ce kuma ga zafin bazara. Muka shimfiɗa masa buhu a bayan mota inda iska ke shiga, muka ɗauko jarkar ruwa tasa daban da tsohon kwano, da takardar allurar haukan kare ko da jandarma za su tambaya a shinge.

Edita shi kare ba ya gumi a jiki kamar mu, da haki yake fitar da zafi, shi ya sa in ka ga ya zaro harshe yana numfashi sama sama to a tsaya kawai a nemi inuwa. Kuma kar a sauke shi kan gudron da rana tsaka, tafin ƙafarsa ƙonewa yake. Amma wallahi wajen Madawa na ga wata mota an ɗaure kare a saman kaya tare da awaki, igiya ta shaƙe masa wuya, rana na dukansa, masu motar suna can suna cin tsire abinsu ba wanda ya waiwaye shi. Da na yi magana wani ya ce min ai kare ne malam. To kare ba rai gare shi ba? Mu da tun muna yara malamai ke karanta mana hadisin mutumin da Allah ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta ɗauki kare mai rai a matsayin najasa ba, ina muka samo wannan rashin tausayi haka?

Kuma tsayawar da muka riƙa yi saboda karen yayana ta sa na ga ƙasar nan da idona, abin da ban taɓa yi ba duk shekarun da nake wucewa cikin bas ina barci. Galmi ga albasa jibge a buhuna bakin hanya, warinta har cikin mota, Malbaza ga hayaƙin kamfanin siminti, Ƙonni muka sha mai muka wuce. Dogon Dutsi kuwa sai da na ce direba ya kashe mota, jajayen duwatsun nan masu shafaffen kai sun tsaya a bayan gari kamar an yanke su da wuƙa, na sauko da karen muka taka ƙasa kaɗan yana ta sunsune sunsune, yara suka taru daga nesa suna kallo, wata tsohuwa mai fura har ta ƙaro mana ruwa daga tulunta ba ta karɓi ko dala ba, Allah ya saka mata.

Bayan Doso hanya ta gangara kwarin Dallol Boso sannan Kure, yankin raƙuman dawa waɗanda a 1996 ba su wuce 50 ba yanzu sun kai ɗaruruwa, har a 2018 aka kwaso wasu zuwa gandun dajin Gadabeji nan jiharmu. A nan kam ban bar karen ya sauka ba igiya ba. Muka shiga Yamai kafin magariba lafiya lau.

Roƙona ga shugabannin tashoshi da ƙungiyoyin direbobi su hana ɗaure dabba a saman mota cikin rana, in dole ne a yi mata rumfa a riƙa tsayawa ana ba ta ruwa, jami'an da ke kan shinge su ma su riƙa dubawa.

Naku,
mai karatu daga Maradi